Jiƙaƙƙen Buhu a Ɗakin Faskari

Na san abin da kuka taso kuna ji a gidajen dangin mahaifiyarku, ko da yake babu wanda ya taɓa tarar gabana ya faɗa. Ana cewa ni na raba kakanku Baba Isiyaku da aikinsa, na kunyata surukina a gaban bare saboda wani ɗan ƙarfe da bai fi akwatin ashana ba. Ke Hauwa'u kin taɓa yi mini tambayar a fakaice tun kina 'yar makaranta, na kore ki da cewa ki je ki taya innarku wanke-wanke. Yanzu da gemu ya yi fari, ido kuma ya fara gardama da ƙananan rubutu, gara in zauna in rubuta muku yadda abin ya faru tun daga tushe. Ba afuwa nake nema ba, don har gobe ban ga laifina ba. So nake ku san kakanku yadda yake, ku san ni ma yadda nake, ku daina karɓar rabin labari a bakin 'yan biki.

Da gyaran rediyo na fara a Kankara, na koma firji, daga baya kwamfuta ta shigo na bi ta har na iya jan waya da haɗa su su riƙa magana da juna. A haka wani ɗan kasuwa, Alhaji Mu'azu, ya neme ni lokacin da ya buɗe cibiyoyi uku na rubuta jarrabawa da kwamfuta, ɗaya a Kankara, ɗaya a Faskari, ɗaya a Sabuwa. Kafin nan yaranmu sai sun yi doguwar tafiya sun kwana a garin da ba su san kowa ba kafin su zauna jarrabawar shiga manyan makarantu. Kowace cibiya tana da babban zaure cike da kwamfutoci, amma ba zauren ne abin tsoro ba. A bayansa akwai wani ɗan ɗaki marar taga, cikinsa kabad ɗin ƙarfe, cikin kabad ɗin manyan injuna da muke kira saba. Duk tambayoyi da amsoshin yara a cikinsu suke. Injunan nan zafi suke fitarwa dare da rana, su kuma ba sa son zafi. In esin da ke sanyaya ɗakin ya tsaya da rana a bazara, kafin a idar da azahar sun kashe kansu, in ba a yi sa'a ba wani abu ya ƙone a ciki. Aikina shi ne kada hakan ta faru, kuma shekarun farko da ƙafata nake yinsa. Kowane mako sai na zagaya garuruwan nan uku, in buɗe ƙofa, in ji iskar ɗakin a fuskata, in sa tafin hannu a bayan kabad.

Sai hanya ta lalace. Ku kanku kun san shekarun, ba sai na yi muku dogon bayani ba. Tsakanin Yargoje da Sheme, inda da muke tsayawa mu sayi rake, ya zama wurin da direba ke kashe rediyo kowa ya kama salati. Wata rana a bi lafiya, wata rana a ji an tare. Innarku ba ta taɓa cewa kada in tafi ba, amma in na ɗauki jakar kayan aiki sai ta bar abin da take yi ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona har in fita, abin da ba ta yi ko lokacin da muke ango da amarya. Na gane cewa zagayen mako-mako ba zai ɗore ba, injunan kuma ba su san an tare hanya ba. Na yi ta bincike har na gano akwai 'yan ƙananan na'urori masu auna zafi da danshin iska, waɗanda ake haɗawa da layin sadarwa su riƙa aiko da labarin ɗaki daga nesa. Na kai wa Alhaji Mu'azu maganar a shagonsa, ya juya guda ɗaya a hannu yana dariya.

"Wato Lawal, ɗan wannan abin ne zai riƙa tsegunta maka abin da ake ciki a Sabuwa, kana kwance a Kankara?"

"Shi ne, Alhaji."

"In ya yi maka ƙarya fa?"

"Ba ya da dangi, ba ya da aboki, wa zai yi wa ƙarya don shi?"

"To je ka sa. Amma ranar da na kama shi da ƙarya, ka kwashe kayanka duka ukun."

Na fara da ɗakin Kankara don yana kusa, in na yi kuskure in gyara da ƙafa. Abu na farko da na koya shi ne inda za a ɗaura na'urar ya fi ita kanta muhimmanci. In ka sa ta ƙarƙashin esi za ta yi ta gaya maka daɗin baki, ɗaki na cin wuta tana cewa lafiya lau. Sai na ɗaure ta a gaban kabad, daidai tsayin ƙirji, inda injunan ke zuƙar iska, don abin da suke shaƙa shi nake son sani. Na ja waya daga jikinta zuwa akwatin da ke rarraba layi, na ba ta lambarta ta kanta a kan layin don kada ta yi karo da wata kwamfuta, na raɗa mata sunan garin da take. Na jona ta da batirin sola, ba da wutar gari ba, domin lokacin da wuta ta ɗauke shi ne lokacin da na fi bukatar ta yi magana. Sannan na sa mata iyaka. In zafi ya haye iyakar nan, saƙo ya shigo wayata, wata 'yar ƙararrawa kuma ta yi ta ƙara a bakin ƙofa don mai riƙe da makulli ya ji. Da na gama na kashe esin da gangan, na fita na zauna a inuwa ina jira. Da wayar ta yi ƙara a aljihuna, wallahi daɗin da na ji ban ji irinsa ba tun ranar da rediyon farko da na gyara ya yi magana. Sabuwa ta fi ba ni wahala, don sabis ɗin can sai an lallaɓa shi, sai da muka kafa doguwar sanda a kan rufi muka ɗaga eriya sama. Daga ƙarshe dai na zauna a tsakar gidanmu da kwamfuta a cinya, layukan da ke nuna zafi da danshin kowane ɗaki suna hawa suna sauka a gabana, na kira innarku na ce ta zo ta ga Sabuwa. Ta leƙa ta ce ita ba ta ga ko bishiya ɗaya ba.

Faskari ce ta ƙarshe, kuma a can makullin ɗakin yana hannun kakanku. Ni na nema masa aikin. Baba manomi ne na gaske, mutumin da rumbunansa ke ciyar da gida uku, amma gonarsa tana can cikin daji inda ba mai iya zuwa kuma. Mutumin da bai taɓa wuni zaune ba ya koma zaman ƙofar gida yana kallon masu wucewa, yana ramewa a kan idonmu. Da makullin nan ya shiga hannunsa sai ya miƙe. Yakan riga kowa zuwa, ya share, ya goge ƙofar ɗakin injunan kamar ta masallaci, ya rataya makullin a wuya cikin riga. Matsalar ɗaya ce, ku ma kun san ta. Suruki ba abokin aiki ba ne. In na isa sai na tuɓe takalmi daga nesa, in durƙusa, in gaishe shi kaina a ƙasa. Ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. To ta yaya zan tsaya in ce masa, Baba yi kaza, kada ka yi kaza? Sai na bi hanyar da kowa ke bi. Na kira manajan cibiyar, wani matashi mai suna Nasiru, na tsayar da shi kusa da inda Baba ke zaune, na yi ta yi masa bayani da ƙarfi kamar kurma, ni da shi kuma mun san ba da shi nake ba. Na ce in ƙararrawar ta yi ƙara, zafi ne ya yi yawa, kuma saƙo ya riga ya iso wayata, zan taso. Da muka gwada ta, Baba ya karkata kai ya saurara.

"Ashe gyare ne aka kawo mani," ya ce da Nasiru, ba da ni ba. "To in shina kuka, shi wanga bawan Allah tasowa zai yi daga Kankara?"

"Tasowa zai yi, Baba."

"Kowane lokaci?"

"Kowane lokaci."

 Tun daga ranar kowa a cibiyar ya koma kiran na'urar gyare, har ni.

Bazarar shekarar nan ta zo da zafi mai tsanani, esin Faskari kuma tsoho ne. Gyare ya fara kuka. Na tafi na wanke esin, ya yi shiru kwana kaɗan ya sake. Na koma na ƙara masa gas. A zuwa na gaba muka iske an rufe hanya a Sheme, motoci sun yi layi, ana cewa an ji harbi a gaba. Muka wuni a bakin titi ba ci ba sha, sai bayan la'asar aka ce a wuce. Na isa Faskari fuskata duk ta faɗa, na durƙusa na gaida Baba, ya dube ni tun daga sama har ƙasa ya amsa a taƙaice. Na yi abin da zan iya yi wa esin, na gaya wa Alhaji a waya cewa sabo ake bukata, ya ce za a kawo bayan jarrabawa. To daga wannan zuwan gyaren Faskari bai sake kuka ba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye muku ba, har na yi wa innarku burga cewa hannuna ya faɗa wa tsohon esin nan gaskiya. Sai wata rana da yamma ina duba layukan garuruwan uku, na ga abin da ya tsayar da ni. A Kankara da Sabuwa layin zafi yana ɗan hawa da tsakar rana, kamar yadda ya kamata. A Faskari kuwa daidai lokacin da rana ta fi ƙuna, sai ya sauka. Layin danshi kuma ya haye sama kamar ana tsakiyar Agusta, alhali ko gajimare ba a gani a sama, leɓunan mutane na tsagewa. Ɗakin da ba taga, ba famfo, daga ina ruwa ya shiga iskarsa? Na kira Nasiru ya ce shi dai bai ji ƙararrawa ba kwana biyu, komai lafiya. Na ce gobe da safe ina tafe.

Washegari ranar jarrabawar gwaji ce, wadda ake yi wa yara kafin ta gaske. Motarmu ba ta cika da wuri ba, muna Yargoje rana ta riga ta ɗaga sai ga kiran Nasiru, wai duk kwamfutocin zauren sun tsaya cak. Na isa na iske yara a waje cikin rana, wasu 'yan mata na kuka, iyayen da suka rako su daga ƙauyuka suna ta faɗa. Baba ya zaro makulli daga wuyansa ya buɗe mini. Zafin da ya bugi fuskata kamar na leƙa gidan burodi. Esin yana ta gurnani amma iska mai ɗumi yake hurawa, injunan duk sun mutu. A gaban kabad kuwa, daidai inda na ɗaure gyare, ga guntun buhun algarara an naɗe gyaren da shi da kyau, an ɗaure da igiyar rama, yana ɗigar da ruwa a cikin wani kwano da aka tara a ƙasa don kada ya jiƙa siminti. Buta tana gefe. Irin naɗin da kowace uwa take yi wa tulu ne a bazara don ruwan sha ya yi sanyi, kuma wanda ya yi shi gwani ne. Na tsaya ina kallon buhun nan, Baba yana tsaye a bayana, Nasiru a bayansa. Ban juya ba. Na kwance igiyar a hankali, na ninke buhun na ajiye a kan butar, kafin in miƙe tsaye gyare ya fashe da kuka.

Aikin ranar ba sai na ja muku shi ba. Muka buɗe ƙofa, muka jero fankoki, aka ciro esin ofishin Nasiru aka dasa a ɗakin. Injunan suka tashi ban da faifan ajiya guda da ya ƙone, shi ma Allah ya taimaka ina da kwafin abin da ke cikinsa a Kankara. An sallami yaran ranar ba su yi gwaji ba, amma jarrabawar gaske ba ta kuɓuce musu ba. Da a ranarta abin ya faru, da shekara guda ta 'ya'yan mutane ta tafi. Alhaji Mu'azu ya kira ya ce jibi zai zo da kansa, kuma tambaya ɗaya yake tafe da ita, me ya sa ɗaki ya yi wannan zafin na'urar ba ta faɗa ba. Da zan tafi Nasiru ya raka ni bakin titi.

"Malam Lawal, mu uku kaɗai muka ga buhun nan. Ka ce na'urar ce ta samu matsala. Ƙarfe ne, ba ya jin kunya. Baba fa tsoho ne."

Na ce masa na ji. A gida na iske innarku tana tankaɗe, labari ya riga ni isowa, don ƙanwarta ta ji a gidan Baba ta kira ta. Ba ta ɗago ba.

"Malam, me za ka ce wa Alhaji?"

"Abin da na gani."

"Ubana ne fa."

"Na sani, Rabi."

"Ba ka sani ba. Gonarshi ta tafi, shanunshi sun tafi. Makullin nan kaɗai ya rage mashi da zai tashi da safe dominshi. Kai ka ba shi, kai kuma za ka karɓe?"

"In na ce na'urar ta yi ƙarya, Alhaji zai sa a cire duka ukun. Ya faɗa tun farko. Sabuwa ta koma ba mai ganinta, Faskari ma haka. Ranar da esi ya sake tsayawa ba wanda zai sani sai yara sun zauna."

"'Ya'yan wasu."

"'Ya'yan wasu ne, amma amanarsu aka ba ni."

Ta ajiye rariyar ta shiga ɗaki. Na ji zafin maganarta har cikin ƙirjina, don duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Amma ni abin da na kasa haɗiyewa shi ne in tsaya gaban mutum in ɗora wa abin da ya yi aikinsa daidai laifin da bai yi ba, don kawai ba shi da bakin da zai kare kansa. Na'urar nan ba ta yi ƙarya ba. An naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu ta ce akwai sanyi da danshi, kuma a inda take akwai su. Kuma na san kaina, in na yi wannan ƙaryar sau ɗaya, duk saƙon da ya sake shigowa wayata ba zan iya kai shi gaban kowa da ƙarfin gwiwa ba.

Abu ɗaya na yanke, ba zan bari Baba ya ji daga bakin wani ba. Ranar da Alhaji zai zo na yi sammako na riga shi isa, na wuce gidan Baba kai tsaye. Yana zaune a zaure kan buzu. Na durƙusa, na gaishe shi, sannan na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na auri 'yarsa, na yi masa magana kai tsaye ba ta bakin kowa ba. Na ce Alhaji zai tambaye ni, kuma zan faɗi abin da na iske a ɗakin. Zufa tana bin bayana kamar wanda ya yi noma. Baba ya daɗe yana jan carbi.

"Ka zo neman izini ne, ko ka zo ka hwaɗa mani?"

"Na zo in faɗa maka ne, Baba."

"To ka hwaɗa. Tashi ka tahi wurin aikinka."

Na faɗa wa Alhaji a ofis, mu biyu, ƙofa a rufe, ba a gaban jama'a ba kamar yadda ake ba ku labari. Na roƙe shi ya bar Baba a aikinsa, na ce zan yi wa na'urar keji in kulle. Alhaji ya ce ba zai kori dattijo ba, amma makullin ɗakin injuna ya bar wuyansa, ya koma kula da ƙofar waje. Da aka gaya wa Baba, ya zare igiyar daga wuyansa ya ajiye a kan tebur, ya ɗauki butarsa da buhunsa ya fita, bai sake taka cibiyar ba. Abin da ya biyo baya ke Hauwa'u kina iya tunawa da wani abu a ciki. Shaddar sallar da na aika masa aka dawo mini da ita a ledarta. Kawunnanku suka daina ɗaukar wayata. In na je Faskari na durƙusa a zaure, Baba zai amsa gaisuwa, don shi ba ya ƙin amsa sallama, amma daga lafiya lau ba ya ƙara ko kalma. Innarku ba ta yi yaji ba, ba ta fasa yi mini tuwo ba, sai dai hirar da muke yi bayan isha'i ta mutu tsawon lokaci, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Damina biyu muka yi a haka. Ban janye maganata ba, ban kuma daina zuwa gaisuwa ba.

A tsakanin nan hanya ta ƙara lalacewa, har ta kai direbobi na ƙin tafiya in rana ta yi sanyi. Dole na sake tsarin aikin gaba ɗaya. Na ƙara na'ura ta biyu a kowane ɗaki, can sama a bayan kabad inda iska mai zafi ke fita, don in ɗaya ta faɗi wani abu ɗayar ta gaskata ta ko ta ƙaryata ta. Na nemi mai gyaran esi a cikin Faskari da wani a cikin Sabuwa, na koya musu abin da layukan ke nufi, na sa saƙon ya riƙa shiga wayarsu tare da tawa. In gyare ya yi kuka, mai gyaran da ke cikin garin ne zai taka da ƙafa ya duba, ni kuma in bi shi da ido daga tsakar gidana har layin ya sauko. Sai in yi wata da watanni ban hau hanyar Sheme don aiki ba. Tun daga lokacin kuma ba a sake sallamar yaro ko ɗaya daga cibiyoyin nan saboda zafi ba, wannan kuwa ina faɗarsa da baki cike.

Bayan damina ta biyu Baba ya kwanta ciwon ƙafa, muka je dubiya ni da innarku. Ta shige cikin gida, ni na durƙusa a zaure inda na saba, ina jiran lafiya lau ɗin da na saba in tashi. An kawo masa fura a ƙwarya an ajiye, bai taɓa ba. A kusurwar zauren ga tulunsa naɗe da buhu, na kawar da kaina daga kallonsa. Sai na ji ya kira sunana, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Lawal. Kai ma kana cikin masu cewa tsoho bai san abin da shike yi ba, ya ɗauki ƙarhe tulu ne?"

"Ban taɓa faɗa ba, Baba."

"Ba ka hwaɗa ba, amma ka zata. Ranar hwarko, i, na zaci in gyaren ya ji sanyi injin ma ya ji. Rana ta biyu na sa hannu bayan akwatin nan yadda na ga kana yi, ya kusa ƙona ni. Na san buhu bai yi mashi komi ba."

Na ɗago kai na dube shi, na manta da kunya.

"To Baba, me ya sa ka ci gaba?"

"Ranar da aka tsare ku a Sheme, ɗiyata ta kira ni tana kuka, ba ta san ko kana da rai ba. Kai ba ta hwaɗa maka ba, ni ta hwaɗa mani. Ni kuma ina zamne kusa da abin da ke kiranka bisa hanyar nan. In ya yi kuka ka taso, in ya yi shiru ka zamna gida. Na ce inji dai ana sayen wani. Ban yi lissahin ɗiyan mutane ba, nan na yi kuskure, kuma kai ka yi daidai da ka hwaɗi. Amma da na ji zahi, na ji. Mutumin da na tsare ma rai shi ya ƙwace mani makulli."

 Idona ya cika, ni da ban yi kuka ba ranar da aka dawo mini da shadda. Damina biyu ina ɗauka tsoho ne bai fahimci na'ura ba, ashe ya fahimce ta sarai, ya kuma san ainihin wanda take kira. Ku riƙe wannan, duk wanda ya sake ce muku kakanku jahilci ne ya sa shi jiƙa buhu, ku ce masa ƙarya ne. Wanda kuma ya ce ubanku ya ci amanar surukinsa, shi ma ku faɗa masa haka. Da za a mayar da ni ofishin Alhaji yau, abin da na faɗa shi zan sake faɗa, ko da na san abin da na sani yanzu, sai dai zan faɗe shi da nauyin zuciya fiye da na wancan lokacin. Baba ya gyara ƙafarsa mai ciwo ya sake tambayata.

"Yanzu in gyaren naka ya yi kuka, wa ke hawa hanya?"

"Ba kowa, Baba. Akwai mai gyara nan cikin gari, da ƙafa yake zuwa."

"Kai kana gida?"

"Ina gida."

"To alhamdu lillahi. Ashe buhuna bai jiƙa a banza ba."

Ya tura ƙwaryar furar gabana da bayan hannu, ya miƙo mini ludayin. Na sunkuyar da kai na ce na ƙoshi, kamar yadda kowane suruki zai ce.

"Sha," ya ce. "Suruki shi ke jin kunyar hwaɗa mani gaskiya. Kai ka wuce nan."

Na karɓi ludayin na sha a gabansa, yana kallona har na ga ƙasan ƙwaryar.